A Tambayi Mai Ɗaki: Jawabi Kan Ciwon Fuka Na Yara A Tsibiri Da Maraɗi Da Jiratawa

Ga cikakken jawabin da aka shirya domin ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati na yankin, dangane da ciwon fuka na yara da yadda ya kamata a tsara yaƙi da shi.

 

Maganar yau ta shafi wani ciwo wanda ba ya zuwa da annoba, ba ya sa a kafa tantuna a bakin gari, ba ya kuma kawo baƙi da manyan motoci daga Yamai. Saboda haka ne ma ya daɗe yana ɓarna ba a kula shi ba. Ciwon nan shi ne fuka, wanda likitoci ke kira asma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ke fama da shi a duniya, kuma ya yi sanadin mutuwar mutum 455,000 a wannan shekarar kaɗai, galibinsu a ƙasashe matalauta. Abin takaicin shi ne maganinsa sananne ne, an daɗe da samo shi, kuma yaron da ya dace da shi yana iya zuwa lakwal, ya yi guje-guje, ya yi barci lafiya lau kamar kowane yaro.

Abin da ke faruwa cikin ƙirji

Iskar da mutum ke shaƙa tana bin wasu ƙananan hanyoyi ne masu rassa kamar na itaciya, har ta kai cikin huhu. Ga mai fuka, waɗannan hanyoyi suna da saurin fushi. Cikinsu yana kumbura, yana tara majina mai kauri, kuma da zarar ƙura ko hayaƙi ko sanyi ko mura sun taɓa su, sai naman da ke kewaye da su ya tsuke. Daga nan sai a ji ƙirjin yaro yana fito, sai tari ya tashe shi tsakar dare ko da asuba, sai ya riƙa haki bayan ɗan gudu kaɗan. Abin yakan lafa kwana da kwanaki, har iyaye su ce ya warke, sannan ya dawo. Wannan tafiya da dawowa ita ce babbar alamarsa. Ba a ɗaukar sa daga wani, ko ta kwano ko ta tabarma, amma yakan bi dangi.

Duk wanda ya san yankin Gulbin Maraɗi ya san abubuwan da ke tsokanar irin wannan ƙirji ba su da wuyar samu. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na sauko da hazo daga hamada, ya haɗa da sanyin asuba. A mafi yawan gidaje da itace ko kara ake girki, jariri kuwa yana goye a bayan uwarsa a bakin murhu. Da kaka akwai ƙaiƙayin sussuka da shiƙa. A fadamar Jiratawa akwai feshin maganin ƙwari. A cikin birni akwai hayaƙin kabukabu da na manyan motoci, da bolar da ake ƙonawa da leda a cikinta. Da dare kuma a rufe ɗaki a kunna turaren wuta, ko maganin sauro na ƙonawa, wani lokaci har da tabar maigida.

Matsalar suna

Kafin a kai ga magani, akwai wani tarnaƙi da ke cikin harshen Hausa kansa. Ana ce wa wannan ciwo fuka, ana kuma ce wa tibi tarin fuka, alhali cututtuka biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Tarin fuka ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ana ɗaukar sa daga mutum zuwa mutum, yana zuwa da rama da zazzaɓi da zufan dare, kuma ana warkewa da shan magani na wata shida. Fuka kuwa ba ta yaɗuwa, ba a kuma kawar da ita da allura ɗaya. Lallaɓa ta ake yi shekara da shekaru. To, uwar da aka ce wa ɗiyarta na da fuka, in ba a yi mata bayani ba, me za ta ji? Za ta ji an ambaci ciwon da ke sa maƙwabta su janye yaransu, wanda kuma ake tunawa da shi ran da aka zo neman aure. Sai ta ɓoye. Wani gidan kuma a ce sanyi ne, wani a ce awazzai ne, wani a ce iska ce, kowane suna kuwa da ƙofar da yake kai mutum: wannan wurin wanzami, wannan wurin mai sassaƙe, wannan wurin mai tallar ƙwayoyi a tire.

Kada a ɗauka rikicin ya tsaya ga iyaye kaɗai. A asibitin Mulago na birnin Kampala, ƙasar Yuganda, wani bincike da aka buga a 2013 ya duba yara 614 ƴan ƙasa da shekara biyar waɗanda aka kawo da tari ko wahalar numfashi. Kimanin kashi 41 cikin ɗari sun nuna alamun fuka, amma galibinsu an riƙa ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, a kan zaton ciwon huhu ne. A 2024 kuma an buga sakamakon wani babban bincike mai suna ACACIA, wanda ya tambayi ɗalibai matasa wajen 27,000 a biranen Legas, Kumasi, Kampala, Harare, Bilantaya da Durban. Kimanin kashi 12 cikin ɗari sun ce ƙirjinsu ya yi fito cikin shekarar da ta wuce, amma daga cikin waɗannan, ɗaya bisa biyar kacal ne likita ya taɓa gaya wa sunan ciwonsa. In haka abin yake a manyan birane masu ƙwararrun likitocin yara, kowa na iya auna halin da yaron ƙauye ke ciki.

Darasin birnin Lesta

A nan ne labarin wani gari na Ingila ke da amfani. Birnin Lesta gari ne wanda fiye da kashi 40 cikin ɗari na mazaunansa ƴan asalin nahiyar Asiya ne, akasarinsu daga Indiya da Pakistan da Bangaladesh. A Ingila ganin likita kyauta ne, maganin yara ma kyauta ne. Duk da haka, an lura cewa yaran waɗannan al'ummomi sun fi sauran yara yawan kwanciya asibiti saboda fuka. Ke nan akwai abin da ke hana magani aiki wanda ya wuce maganar kuɗi.

Wata farfesar likitancin yara, Monica Lakhanpaul, tare da abokan aikinta, sun gudanar da wani aiki mai suna MIA, wanda aka buga rahotonsa a 2014. Maimakon su zauna ofis su rubuta tsari su kai wa jama'a, sai suka ɗauko mutane daga cikin al'ummomin, masu jin harsunan gida, suka horar da su, suka sa su jagoranci zama da jama'a. An ji ta bakin iyaye, an ji ta bakin shugabannin al'umma da ma'aikatan lafiya, an kuma ji ta bakin yaran kansu. Sai ga shi abubuwan da suka fito sun yi kama da na nan gida: rashin sanin ciwon, tsoron abin da mutane za su ce, imani da cewa wasu nau'o'in abinci masu sanyi ne ke tayar da shi, shawarwarin dangi masu karo da na likita, da fargabar maganin shaƙa. An kuma gano laifin da ke wajen asibiti: bayani a gurguje, kowane ma'aikaci da irin tasa maganar, da jan ƙafa wajen faɗin sunan ciwon.

Bayan haka aka tara kowa da kowa, aka ce su jera matsalolin da kansu, su zaɓi wadda za a fara da ita. Cikin abubuwan da aka sa gaba har da samun tabbacin sunan ciwon tun da wuri. A kan wannan aka gina tsari mai haɗa wayar da kan jama'a, da horar da ma'aikata, da la'akari da al'adun mutanen. Hausawa sun riga sun taƙaita wannan hikima da cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ƙasar nan ta riga ta sani

Jihar Maraɗi ba baƙuwa ba ce ga wannan darasi. Kafin 1983 an kashe kuɗi masu yawa wajen dasa itatuwa a yankin, yawancinsu suka mutu. Da wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya ja hankali kan kututturan da ke tohowa da kansu cikin gonaki, manoma suka karɓi abin, suka sarrafa shi yadda ya dace da gonakinsu, suka raɗa masa suna sassabin zamani. Daga baya aka ƙiyasta cewa ya mamaye kadada miliyan biyar a jihohin Maraɗi da Damagaram. Abin da ya yi nasara shi ne abin da manomi ya ɗauka nasa ne.

A fannin lafiya ma haka. Bayan shirin Bamako na 1987, da dokar 1995 ta biyan kuɗin magani, an kafa kwamitocin jama'a masu sa ido kan gidajen likita. Daga 2001 aka gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka. A 2006 aka ayyana kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Sakamakon waɗannan da wasunsu, mutuwar ƙananan yara a Nijar ta sauko daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 cikin dubu a 2009. A Damagaram kuma, tun wajen 2008, makarantun mazaje sun nuna cewa in an zaunar da magidanta an tattauna da su, ƙafar mata zuwa awo da haihuwa a likita tana ƙaruwa.

Sai dai dukan waɗannan an gina su ne domin cututtukan da ke kayar da yaro yau, a yi magani kwana uku ko biyar ya tashi: masassara, zawo, ciwon huhu, tamowa. Fuka ba ta shiga wannan ma'auni. Tana son rajista, da ranar dawowa, da magani wanda ba ya yankewa. Daɗin daɗawa, kyautar 2006 ta tsaya ne a shekara biyar, alhali fuka ta fi bayyana sarai a shekarun lakwal. Yaro mai shekara bakwai ya fita daga inuwar kyauta daidai lokacin da ciwonsa ya samu suna. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita a asibitocinta, wanda sauƙi ne ga talaka, amma kuɗin ganin likita daban, kuɗin maganin da za a saya wata bayan wata daban.

Magani iri biyu da gora ɗaya

Ya kamata kowane magidanci ya san cewa maganin fuka iri biyu ne, dukansu na shaƙa, kuma dukansu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Na farko shi ne salbutamol, wanda aka fi sani da Ventoline, mai buɗe hanyoyin iska cikin ƴan mintoci in numfashi ya toshe; aikinsa na ƴan sa'o'i ne, kuma ba ya taɓa kumburin da ke ciki. Na biyu, irin su beclometasone da budesonide, shi ke kwantar da kumburin, ana shaƙarsa kullum ko da yaro na cikin ƙoshin lafiya, a kuma kurkure baki bayan an shaƙa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a riƙe na farko a bar na biyu, domin na farko ne ake ganin aikinsa nan take. Tun 2019 ƙwararrun duniya a kan fuka suka daina ba da shawarar dogaro da salbutamol shi kaɗai ga manya da matasa. Maganin shaƙa ba ya zama jaraba, ba kuma alama ce ta cewa ciwo ya gagara ba. Ya ma fi na sha sauƙin illa, domin ɗan kaɗan ne ke tafiya kai tsaye inda ake bukatarsa.

Yaro ƙarami ba ya iya haɗa dannawa da shaƙa a lokaci guda, saboda haka ake sa wani bututu tsakanin maganin da bakinsa. Na kanti yana da tsada, ba kuma ko'ina ake samun sa ba. Amma a 1999 likita Heather Zar da abokan aikinta a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu sun nuna cewa gorar roba ta rabin lita, in an huda gindinta daidai bakin maganin an toshe gefen da kyau, tana aiki kamar na kanti. A danna sau ɗaya, yaro ya ja numfashi ƴan sau ta bakin gorar, sannan a sake in likita ya ce a sake. Jarirai su sai an haɗa musu da abin rufe hanci da baki. Gora dai ba ta yi wuya a kasuwar Maraɗi ba. Abin da ya yi wuya shi ne ma'aikacin da zai zauna ya nuna wa uwa, ya kuma sa ta gwada a gabansa.

Akwai kuma alamun da ba a jira da su gari ya waye: yaro ya kasa magana ko shan nono, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, leɓɓansa sun canja launi, ko ya galabaita ya yi laushi. Wannan sai likita, ko da tsakar dare ne.

Yadda za a tsara abin a nan

In za a bi tafarkin sauraro, aikin farko ba sayen mota ba ne, ba kuma buga alluna ba. A zauna da iyaye mata su kaɗai, domin a gaban maza ba za su faɗi komai ba. A zauna da kakanni, domin a gidaje da yawa kaka ce ke yanke hukuncin inda za a kai jika. A zauna da magidanta, masu riƙe da kuɗin kabukabu da na magani. A zauna da wanzamai da masu maganin gargajiya ba da raini ba, tunda su ake fara zuwa wurinsu, kuma wanda aka girmama shi ne zai yarda ya ce wa uwa wannan ya fi ƙarfinsa. A zauna da malaman lakwal da na allo, waɗanda suka san yaron da ke fashi duk hunturu, da almajirin da ke kwana yana tari a zaure babu uwa kusa. A tambayi yaran su ma. Kuma a yi zaman a wuri uku dabam-dabam, domin abin da ke damun mai lambu a Jiratawa ba lalle ne ya zama shi ke damun mazaunin Tsibiri ko ɗan birni ba.

Tambayoyin ba masu wuya ba ne. Da wane suna ake kiran ciwon a gidan nan? Ina aka fara zuwa, kuma don me? Nawa aka kashe a hunturun bara? Me aka ji game da maganin shaƙa? Wace magana ce aka gaya wa uwa a likita wadda ta hana ta komawa? Amsoshin ne za su nuna kalmar da za a yi amfani da ita a rediyo da huɗuba, da ranar da ta dace a ware wa masu fuka, wadda ba za ta ci karo da kasuwar Litinin da Juma'a ba. Fadar Sarkin Gobir a Tsibiri da ta Sarkin Katsina a Maraɗi suna da bakin da in sun kira taro ake zuwa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana da sashen koyar da likitanci, kuma ɗalibanta na iya ƙirga masu ciwon makaranta bayan makaranta, domin a yi shiri a kan lissafi.

Rabon ɗan kasuwa da na ma'aikaci

Ɗan kasuwa yana da hannu a cikin wannan magana ta fuska biyu. Ta farko, ingancin abin da ake sayarwa. Ƙasar nan ba ta manta da 1995 ba, shekarar da aka yi wa dubban mutane allurar sanƙarau ta jabu ana tsakiyar annoba. Maganin shaƙa na jabu, ko wanda ya kwana cikin rana a kan tire, amanar rai ce aka ci, domin uwa za ta dogara da shi a daren da babu wani abin dogaro. Haka nan ƙwayoyin nan irin su dexamethasone da ake sayarwa barkatai: suna kwantar da fuka na ɗan lokaci, amma shan su wata da watanni ba da umurnin likita ba yana tauye girman yaro, ya raunana ƙashi, ya kawo hawan jini da ciwon suga. Ta biyu, alhazan Maraɗi sun saba gina masallatai da rijiyoyi da ciyar da mabukata. Asusun da zai sa maganin kullum ya zauna a gidan likita ba yankewa, ana sayar da shi a kan kuɗin sari ƙarƙashin idon kwamitin jama'a, shi ma sadaka ce mai gudana.

Ma'aikaci kuwa rabonsa alƙalami ne. Ciwon da ba a rubuta cikin rajista ba, ba ya shiga rahoton wata. Wanda bai shiga rahoto ba, ba a yi masa odar magani. Wanda ba a yi wa oda ba, sai a ce ai babu masu nema. Manjo da ya rubuta fuka inda ya ga fuka, da daraktan lakwal da ya bar yaro ya riƙe maganinsa cikin jaka ya kuma ɗauke masa sharar aji mai ƙura, da jami'in kwamin da ya hana ƙona bola a gindin katangar makaranta, kowannensu ya yi aikin da ba ya bukatar jiran kowa daga waje. Wajibi ne kuma hukuma ta riƙa biyan gidajen likita kuɗin kyautar da ta yi alkawari a kan lokaci, domin jinkirin biyan nan ya sha barin kantocin magani wayam a shekarun da suka biyo bayan 2006.

A cikin gida ma akwai abin yi tun yau: a fitar da murhu fili, a sauke goyo kafin a hura wuta, a yayyafa ruwa kafin shara, mai taba ya fita waje, a rataya gidan sauro maimakon kunna hayaƙi, a rufe wa yaro hanci da ƙyalle in hazo ya sauko.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likita na da magani, uwa na da labarin dare, ɗan kasuwa na da hanyar kawo kaya, ma'aikaci na da rajista, sarki na da kira. Hunturu kuwa ba ya saɓa alkawari, zai dawo a watan Nuwamba kamar yadda ya saba, kuma abin da aka shirya kafin zuwansa shi yaran Tsibiri da Maraɗi da Jiratawa za su tarar.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya raya zuri'a, Ya zaunar da ƙasa lafiya.